Koyar da ƙididdigar bincike ga ɗaliban ilimi: daga ina ya kamata a fara?

Malamar Tsangaya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malaman da suka daɗe suna koyar da ƙididdiga ga ɗaliban sashen ilimi da na nazarin halayyar ɗan Adam. An ba ni darasin ƙididdigar bincike na masu digiri na biyu a zangon karatu mai zuwa, kuma da na duba kundayen da ɗalibai suka rubuta a baya, sai na ga kusan dukkansu fasali ɗaya ke gare su a babi na huɗu, na nazarin bayanai: a jero hasashe biyar ko shida masu cewa babu bambanci, a yi wa kowanne gwajin t, wanda ke kwatanta matsakaicin rukunoni biyu, ko makamancinsa, a duba ko adadin p ya gaza 0.05, sannan a rubuta cewa an yi watsi da hasashen ko an karɓe shi. Ɗalibi yakan haddace wannan ƙa'ida tsaf, amma in aka tambaye shi ranar kare kundi me p na 0.03 da ke cikin jadawalinsa yake nufi, sai ya ce akwai tabbacin kashi 97 cikin ɗari cewa dabarar koyarwarsa ta yi aiki. Da yawansu ma ba su ne suka yi lissafin ba, kai bayanan suke yi wurin mai kwamfuta ya saka a shirin lissafin ƙididdiga na SPSS, su karɓo takardar da ba za su iya karantawa ba.

Manhajar da na tarar ta fara ne da matsakaici da ma'aunin warwatsuwa, wato yadda maki suke nisanta daga matsakaici, ta bi ta kan gwaje-gwaje ɗaya bayan ɗaya har zuwa ANOVA mai kwatanta rukunoni fiye da biyu, kuma kusan duk jarrabawar lissafin hannu ce. Shin in bi wannan jeri, ko akwai tsarin da ya fi kai ɗalibi ga fahimta? Kuma lissafin hannu har yanzu yana da amfanin da ya kai lokacin da yake ci?

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ki sa'a a wannan aiki. Kada ki ɗora wa ɗaliban laifin da ya fi ƙarfinsu, domin amsar nan ta "kashi 97" ba a wurinmu kaɗai ake jin ta ba. A shekarar 2002 wasu masu bincike biyu a Jamus, Haller da Krauss, sun ba ɗaliban nazarin halayya da malamansu jimloli shida a kan ma'anar p, waɗanda dukkansu kuskure ne, suka nemi a tantance na gaskiya da na ƙarya. Babu ɗalibin da bai amince da aƙalla jimla ɗaya ba, kuma kashi 80 cikin ɗari na malaman da ke koyar da dabarun binciken su ma sun amince da aƙalla ɗaya.

Tambayar da p yake amsawa ƙunƙuntacciya ce ƙwarai. Idan aka ƙaddara cewa babu wani bambanci na haƙiƙa tsakanin rukunonin biyu, kuma sauran sharuɗɗan gwajin sun cika, sau nawa za a sami bambanci mai girman wanda aka gani, ko wanda ya fi shi, saboda dace kawai? Tun da lissafin ya taso ne daga ƙaddara cewa babu bambanci, ba shi da hanyar juyowa ya faɗa mana yiwuwar cewa hasashen gaskiya ne ko ƙarya ne. Duk ɗalibin da ya ce "tabbacin kashi 97" ya juya tambayar ne baibai.

Ruɗanin yana da asali a tarihi, kuma yana da kyau ɗalibai su ji shi ko da a taƙaice. Ronald Fisher, wanda ya yi aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, shi ne a 1925 ya ba da shawarar ɗaya cikin ashirin, wato 0.05, a matsayin iyaka mai sauƙin amfani, kuma a wurinsa p ma'aunin ƙarfin hujja ne a gwaji guda, ba a gaskata abu sai an maimaita gwajin an ci gaba da samun sakamakon. Jerzy Neyman da Egon Pearson kuwa, a 1933, sun gina wani tsari dabam na yanke hukunci, inda mai bincike zai tsayar da iyakarsa tun kafin ya tattara bayanai, ya kuma yi lissafin kurakurai iri biyu: ya ce akwai bambanci alhali babu, ko ya kasa gano bambancin da yake akwai. Ɓangarorin biyu sun yi ta jayayya mai zafi shekaru da yawa. Littattafan koyarwa da suka biyo baya sai suka gauraya tsarin biyu, suka ɗauki 0.05 daga Fisher, suka ɗauki "a karɓa ko a yi watsi" daga Neyman da Pearson, suka bar maganar kuskure na biyu a gefe. Wannan gaurayen shi muke koyarwa har yau.

Shawarata ita ce kada ki ambaci gwajin t sai ɗalibai sun ƙirƙiro p da hannunsu. Ki rubuta makin ɗalibai goma a kan ƙananan katuna, biyar da aka koyar da sabuwar dabara da biyar da aka koyar da tsohuwa, ki fitar da bambancin matsakaicinsu ki rubuta a allo. Daga nan ki ce a ƙaddara dabarar ba ta da wani tasiri, wato kowane yaro makin da ya samu shi zai samu ko a wane rukuni yake. Kowane ɗalibi ya kwafi katunan, ya cuɗa su, ya raba biyar-biyar, ya lissafa bambancin, ya zo ya ɗiga alama a allo, ya koma ya sake. Hanyoyin raba katuna goma gida biyu daidai 252 ne, don haka kafin a tashi allon zai cika da ɗigo, masu yawa a tsakiya kusa da sifili, 'yan kaɗan a gefe da gefe. Sai ki tambaya: cikin waɗannan ɗigo, nawa ne suka kai girman bambancin da muka fara da shi? Wannan kason shi ne p. Bayan haka gwajin t zai zo musu a matsayin gajeriyar hanyar samun amsar da suka riga suka sha wahalar samowa.

Game da lissafin hannu, ni ina ganin a bar kaɗan daga cikinsa. Wanda bai taɓa cire matsakaici daga kowane maki ya ninka abin da ya rage da shi kansa ragowar ba, ba zai gane dalilin da ya sa maki ɗaya da ya yi nisa yake kumbura ma'aunin warwatsuwa ba. Sau ɗaya ko biyu da bayanai kaɗan ya wadatar.

Mai Duba Kundi ya amsa:

Baba Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara lafiya. Sai dai ni a ganina, Malama, ɓarnar da kike gani a babi na huɗu tun a babi na uku aka yi ta, kuma duk darasin ƙididdigar da bai taɓa tsarin bincike ba zai fitar da ɗalibai masu fassara p daidai a kan bayanan da ba su cancanci a yi musu gwajin ba tun farko.

Mu ɗauki tsarin da ya fi yawa a kundayen ilimi. Ɗalibi ya je makaranta, shugaban makaranta ba zai yarda a wargaza azuzuwa ba, sai a ba shi aji ɗaya mai yara arba'in ya koyar da sabuwar dabara, a bar wani aji mai yara arba'in a hannun malaminsu na kullum. A ƙarshe ya rubuta cewa samfurinsa mutum tamanin ne, ya yi gwajin t. Amma gwajin t yana ƙaddara cewa kowane yaro shaida ne mai zaman kansa, alhali yaran aji ɗaya malaminsu ɗaya, lokacin darasinsu ɗaya, ɗakinsu ɗaya, wani lokaci ma an tara su a ajin ne saboda ƙoƙarinsu ya zo ɗaya. Manomin da ya zuba taki a gona ɗaya ya bar ɗaya, gonaki biyu ya gwada, ko da ya ƙirga zangarniya dubu a kowacce, kuma ba zai iya rantsewa cewa takin ne ya kawo bambanci ba ƙasar ba. Abin da ya sa masu binciken noma tun zamanin Fisher suke yanka fili gida-gida su raba taki ta hanyar ƙuri'a ke nan.

Akwai lissafi mai sauƙi da ke nuna girman matsalar, kuma ya kamata kowane ɗalibi ya yi shi sau ɗaya. A ɗauki yawan yaran aji a cire ɗaya, a ninka da gwargwadon kamannin da ke tsakanin 'yan aji ɗaya, a ƙara ɗaya. In aka ƙaddara kamannin 0.2 ne a aji mai yara arba'in, amsar 8.8 ce, wato yara tamanin ɗin nan nauyin hujjarsu bai wuce na yara tara masu zaman kansu ba. Ko wannan ma sassauci ne, domin da aji ɗaya tak a kowane ɓangare babu wata dabarar lissafi da za ta raba tasirin dabarar koyarwa da tasirin malami. Dabarar lissafi ta ANCOVA da ake fakewa da ita tana gyara bambancin makin farko ne kawai, ba ta mayar da aji biyu su zama ashirin. Idan ana son ɗalibai su ga yadda ake yi in da hali, a ba su labarin gwajin STAR na jihar Tennessee a Amurka, wanda aka fara a 1985 aka yi shekara huɗu ana yi: makarantu 79, yara sama da dubu goma sha ɗaya, kuma a cikin kowace makaranta ƙuri'a ce ta raba yara da malamai tsakanin ƙananan azuzuwa masu yara 13 zuwa 17 da manya masu 22 zuwa 25. Ba wanda yake tsammanin mai digiri na biyu ya yi irin wannan da kuɗin aljihunsa. Amma zai iya neman azuzuwa shida ko takwas maimakon biyu, ya jefa ƙuri'a a tsakaninsu, in kuma bai samu ba ya faɗi iyakar abin da aji biyu za su iya nunawa.

Sai maganar yawan samfur. Kusan kowane kundi yana jingina da jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 ko ƙa'idar Yamane, kuma ɗalibai sun ɗauka waɗannan suna amsa kowace irin tambaya. An gina su ne don ƙiyasta kaso a cikin jama'a, misali kashi nawa na malamai ke da wani ra'ayi, da kuskuren da bai wuce kashi biyar sama ko ƙasa ba, kuma da sharaɗin an zaɓi mutanen ta hanyar ƙuri'a. Shi ya sa jadawalin yake tsayawa a 384 komai yawan jama'a, ƙa'idar Yamane kuma ba ta haura 400. Wanda yake kwatanta dabarun koyarwa biyu tambayarsa dabam ce: yaya girman bambancin da nake sa ran samu, kuma mutum nawa nake buƙata don kada ya wuce ni? Bisa ma'aunin Jacob Cohen, bambanci matsakaici, wato rabin ma'aunin warwatsuwa, yana buƙatar mutum 64 a kowane rukuni kafin a sami damar gano shi sau takwas cikin goma, ƙaramin bambanci na 0.2 kuwa yana buƙatar kusan 400 a kowane rukuni. Cohen ya nuna tun 1962 cewa binciken da ake bugawa a wata babbar mujallar nazarin halayya damarsa ta gano bambanci matsakaici ba ta kai rabi ba.

Abu na ƙarshe shi ne 2.50 ɗin nan da ake yanke hukunci da shi a takardar tambayoyi mai zaɓi huɗu. Ba wani sirri a cikinsa, an tara 4 da 3 da 2 da 1 ne aka raba da huɗu. Idan rabin malamai suka ce sun yarda ƙwarai, rabi suka ce sam ba su yarda ba, matsakaicin 2.50 ne. Idan rabi suka ce sun yarda, rabi suka ce ba su yarda ba, ba tare da zafi ba, nan ma 2.50 ne. Na farko makaranta ce da ta rabe gida biyu, na biyu kuwa mutane ne da abin bai dame su sosai ba, amma jadawalin kundi zai ba su hukunci ɗaya. A koya wa ɗalibai su nuna yawan waɗanda suka zaɓi kowace amsa kafin su taɓa matsakaici.

Ɗalibin Ilimi ya amsa:

Ina gaida malamaina. Ni ɗalibi ne mai neman digiri na uku, kuma da izininku zan ɗan saɓa wa Baba a kan lissafin hannu, ko da yake ya riga ya rage shi. Matsalar ba ta darasi ba ce, ta jarrabawa ce. Muddin maki saba'in na ƙarshen zango yana kan cika jadawalin ANOVA da kalkuleta, ɗalibi zai ba da ƙarfinsa a can, komai kyawun abin da aka yi da katuna a aji. Da za a ba shi takardar sakamako irin wadda kwamfuta ke fitarwa, tare da bayanin yadda aka tattara bayanan, a ce ya rubuta abin da za a iya faɗa da wanda ba za a iya faɗa ba, da an auna ainihin abin da zai yi a kundinsa. Kuma uzurin tsadar SPSS ya kau, domin jamovi da JASP kyauta ne, suna aiki ba tare da intanet ba bayan an sauke su, kuma suna nuna sakamako nan take yayin da mutum yake zaɓen abin da yake so. Ɗalibin da ya yi zango guda yana taɓa su da hannunsa ba ya buƙatar kai bayanansa shago.

Ina kuma roƙon Malama ta ware mako guda ga abin da ya faru a fagen nazarin halayya a 2015, lokacin da gungun masu bincike ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek suka sake gudanar da bincike ɗari da aka riga aka buga a manyan mujallu uku. A na asali, 97 sun ba da sakamakon da ya tsallake iyakar 0.05, a maimaicin kuwa kusan kashi 36 cikin ɗari ne suka tsallake, kuma girman tasirin ya sauko zuwa kusan rabi. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne abin da muke yi kullum ba tare da mun ɗauke shi laifi ba. Wanda ya yi gwaji ashirin masu zaman kansu a inda babu wani bambanci na gaskiya, yiwuwar ya sami aƙalla ɗaya da ya gaza 0.05 ta kai kashi 64 cikin ɗari. Kundin da ya gwada jinsi, da shekaru, da wurin zama, da matakin karatun iyaye, kowanne a kan ma'auni biyar, ya riga ya kai wannan adadi, kuma abin da ya "fito" shi za a gina babi na biyar a kansa.

Malamar Tsangaya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fahimci cewa zan fara da tsarin bincike da zana bayanai, sannan katuna, sannan gwaje-gwajen, kuma zan nemi a sauya fasalin jarrabawar. Abin da ya rage mini shi ne ranar kare kundi. Idan na koya wa ɗalibi ya rubuta girman tasiri ya bar "an karɓa, an yi watsi", sannan mai jarrabawa na waje ya zo ya nemi tsohon fasali, ɗalibin ne zai sha wahala, ba ni ba. Yaya ake bi da wannan?

Mai Duba Kundi ya amsa:

Ba sai an cire komai ba, Malama, ƙari za a yi. Ɗalibi ya bar hasashensa da jadawalinsa yadda sashe ya saba gani, ya rubuta ainihin adadin p maimakon "ya gaza 0.05" kawai, sannan ya ƙara abu biyu a kowane jadawali: girman bambancin a ma'aunin da malamin aji zai gane, misali maki nawa cikin ɗari, da kuma zangon ƙiyasi na kashi 95, wato daga ina zuwa ina bambancin zai iya kasancewa bisa waɗannan bayanai. Da wuya mai jarrabawa ya ƙi ƙarin bayani matuƙar ya ga abin da ya saba nema. In kuma an tambayi ɗalibin hujja, yana da ita: kwamitin da ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta kafa ya ba da shawarar a riƙa kawo girman tasiri da zangon ƙiyasi tun 1999, kuma tsarin rubutun wannan ƙungiya, APA, shi yawancin sassan ilimi suke cewa suna bi. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ma ta fitar da sanarwa a 2016 cewa p ba ya auna girman tasiri ko muhimmancin sakamako, kuma bai kamata a gina hukunci a kan tsallake wata iyaka kaɗai ba.

Kalma ɗaya ce nake ganin ya kamata ki tsaya a kanta ko da za a yi gardama, ita ce "an karɓi hasashen babu bambanci". Idan ɗalibi ya sami bambancin maki huɗu, zangon ƙiyasinsa kuma ya tashi daga maki biyu ƙasa da sifili zuwa maki goma sama da shi, bai nuna cewa dabarun biyu daidai suke ba. Bayanansa sun dace da rashin bambanci, sun kuma dace da bambancin maki goma, wanda kowane shugaban makaranta zai so ya samu. Abin da zai rubuta shi ne ba a yi watsi da hasashen ba, kuma samfurin bai isa ya tantance tsakanin waɗannan biyun ba. Zai fi sauƙi idan kika gabatar da wannan fasali a taron sashe kafin zangon ya fara, domin masu duba kundayen su gan shi daga wurinki kafin su gan shi a aikin ɗalibansu, kuma ki kai musu jadawali ɗaya na misali, tsohon fasali a sama, sabon a ƙasa, a shafi guda.